Raifil mai araha da ke ɗura wa kanta harsashi: wacce ta dace da mai gona a Kano?

"Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a Hotoro, ina da gona wajen Bunkure, masara da kankana nake yi. Birai da gafiya sun addabe ni, kuma tun ina yaro nake sha'awar farauta. Na daɗe ina kallon bidiyon bindigogi a YouTube, musamman raifil masu araha da ke ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi. Uku ne suka tsaya mini a rai: Ruger 10/22, da SKS, da AR-15 irin ta masu ƙaramin ƙarfi. In aka dubi kuɗi da inganci, wacce za ka ba ni shawara? Ina da wa a Amurka, ya ce a can ba su da tsada."

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa gona albarka. Tambayarka a fuska ɗaya ce, amma biyu ce a haɗe: wacce ce ta fi kyau cikin ukun nan, sannan wacce ce mutumin Hotoro zai iya riƙewa ya yi barci da ido biyu a rufe. Masu bidiyon nan ta farko kawai suke amsawa, domin su a ƙasarsu ta biyun ba ta taso ba. Na yi shekaru masu yawa ina aikin kula da makamai da gyaransu kafin na yi ritaya, kuma har yanzu ina zama da maharba. Zan amsa maka ta farkon tsakani da Allah, don na san in na tsallake ta za ka ce tsoho ya kauce, sannan mu zo kan ta biyun, wadda ita ce mai yanke hukunci.

Yadda suke aiki, da inda arahar ke ɓuya

Raifil dai ita ce bindigar da aka yi wa cikin bututunta zane mai murɗawa, tana jefa harsashi ɗaya tal yana juyawa, shi ya sa take kai nesa kuma take saiti. Mai ɗura kanta kuwa, in ka ja kunama sau ɗaya harsashi ɗaya ne zai fita, amma ƙarfin harbin ne zai tura sakata (ƙarfen da ke toshe gindin bututu) baya, ta zaro kwanson da ya ƙone ta jefar, sifirin ya dawo da ita ta kwaso sabo. Wato a cikin ƙiftawar ido ƙarafa biyar zuwa shida ne ke motsi, kuma dole kowanne ya yi nasa a kan lokaci. Ka riƙe wannan, don duk maganar inganci a nan take. Kamfani ba ya rage kuɗin bindiga a inda ido ke gani. Fenti da kota za su yi kyau a hoto. Inda ake matse kuɗin shi ne irin ƙarfen sakata, da sifirin, da 'yar ƙugiyar da ke zaro kwanso, da leɓen gidan harsashi, da kuma yawan binciken da ake yi wa kowace bindiga kafin ta bar masana'anta. Mai tsada ana duba ta ɗaya bayan ɗaya. Mai araha sai a ɗauki guda cikin tari a gwada, sauran kuma sa'ar mai saye.

Ruger 10/22 tun 1964 ake yin ta a Amurka. Ƙaramin harsashi take ci, wanda ake kira .22, gidan harsashinta mai juyawa ne, yana ɗaukar 10. Ba ta da hanyar iskar gas ko wani abu mai rikitarwa, nauyin sakata da sifirin kawai ke riƙe ta, shi ya sa ba ta cika lalacewa ba. A can kuɗinta kan kama wajen dala 300. Kunamarta tana da ɗan tauri in sabuwa ce, kuma gidan kunamar da a da na alminiyam ne yanzu na roba ne, amma babu bindigar da ta kai ta yawan kayan gyara a ajinta. Kishiyarta ta shekara da shekaru ita ce Marlin 60, wadda ta girme ta da shekara huɗu, kuma wasu na rantsuwa ta fi ta saiti. To amma kamfanin da ya mallaki Marlin ya karye a 2020, aka daina yin samfurin. Wannan kaɗai darasi ne: bindiga mai kyau da aka daina yi wa kayan gyara, kwananta ƙirgagge ne.

SKS ba bindigar farauta ba ce tun asali. Wani mai ƙirar makamai, Simonov, ya ƙera ta wa sojan Tarayyar Sobiyet a 1945, kafin AK-47 ta zo ta ture ta, kuma harsashinsu ɗaya, mai faɗin milimita 7.62. Sin ta yi miliyoyinta. Arahar da ta yi suna da ita ta shekarun 1990 ce, lokacin da aka zubar da rarar soja a kasuwar Amurka ana sayar da ita ƙasa da dala 100. Wannan zamanin ya wuce, yanzu kuɗinta ya ninka sau da yawa. Ƙarfe ce da katako, ba ta jin wahala, ƙura ba ta dame ta ba. Amma duk wadda za ka gani tsohuwa ce, ingancinta ya dogara da hannun da ta bi. Harsashin rarar soja da yawa yana barin gishiri a bututu, in ba a wanke ba a ranar, tsatsa ta kama. Ta Sin da yawancin na Rasha an shafe cikin bututunsu da kurom, ta Yugoslabiya ba a shafe ba, ita ce aka fi samu da rubabben ciki. Kuma tana da wani aibi da ya kamata kowa ya sani: allurar da ke dukan harsashi a sake take, in tsohon man ajiya ya daskare ya riƙe ta a gaba, bindigar na iya tashi da kanta lokacin da sakata ta rufe, ba tare da an taɓa kunama ba.

AR-15 kuwa Eugene Stoner ne ya fito da tsarinta a ƙarshen shekarun 1950. Da haƙƙin ƙirar ya ƙare, kamfanoni barkatai suka shiga yin ta, wannan gasar ce ta karyar da farashi har aka samu irin su Smith & Wesson M&P15 Sport da Ruger AR-556 a kuɗin da ya kai ninki biyu na 10/22 ko sama da haka. Ba ta da nauyi, ta fi SKS saiti nesa ba kusa ba. Sai dai tana mayar da hayaƙin harbi cikin cikinta don ta motsa sakata, don haka tana son tsafta da mai. Ga misalin yadda ake rage kuɗi: M&P15 Sport ta farko an fitar da ita babu murfin da ke tare ƙura a gefen sakata, sai a samfuri na biyu aka sa. Ga mai harbi a filin wasa mai ciyawa wannan ba komai ba ne. Ga mai goya bindiga a babur daga Kwanar Dawaki zuwa Bunkure a watan Janairu, magana ce babba.

Ƙurar nan tamu, bari in ɗan tsaya a kanta, don masu bidiyo ba su san ta ba. Akwai wata shekara da wani attajiri mai lasisi ya kawo mana ƙaramar raifil ɗinsa mai ɗura kanta, ya ce harbi biyu take yi ta cije. Da na buɗe ta a kan tebur, sai na tarar ya cika ta da mai saboda so, hunturu kuma ya yi nasa aikin. Man da ƙurar da dattin albarushi sun haɗu sun zama wani baƙin kwaɓi, kamar an dama toka da man gyaɗa, sakatar na tafiya a ciki kamar mai takawa a taɓo. Na wanke, ta dawo daidai. Bayan wata biyu ya dawo, wannan karon 'yar ƙugiyar zaro kwanso ce ta karye, ƙarfen da bai kai ƙwayar wake ba. Muka nema a ko'ina babu. Har na bar wurin bindigar tana rataye da takarda a wuyanta. A makon da ya fara kawo ta, wani maharbi daga wajen Rano ya kawo Baikal mai baki ɗaya, bindigar katrij ta Rasha, irin mai watsa ƙananan ƙwayoyi da yawa a harbi ɗaya, a duba masa, wadda kotarta ta sha ɗauri da fata, baƙin jikinta ya koɗe ya koma fari. Ban samu abin gyarawa ba. Na goge na miƙa masa.

To in a kan cancanta kawai za a yi magana, ga abin da ka ce kana so, wato ƙananan dabbobi da ɗan farauta, 10/22 ce ta fi ma'ana cikin ukun, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Ta fi araha, harsashinta ya fi araha, ƙararta kaɗan ce, ba ta dukan kafaɗa, ba ta ɓata nama. SKS da AR-15 ba kayan zomo da fakara ba ne. Wanda ya harbi zabon daji da 7.62 gashi zai tsinta.

Abin da dokar ƙasarmu ta ce

Yanzu ga inda lissafin ke juyewa. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma har yau ita ke aiki, ta kasa makamai gida uku. Gida na farko haramtattu ne, Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu: a ciki akwai mashin-gan, da fistol kowace iri, da raifil na soja, inda aka ambaci girman harsashinsu da lamba: 7.62 da 9 da .300 da .303. Ka ga SKS ta fita ke nan, babu ja. Gida na biyu su ne na mutum, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu: bindigar katrij mai baki ɗaya ko biyu, da raifil na farauta, har da bindigar iska, wadda mutane da yawa ke ɗauka abin wasa ce. Amma a nan ma dokar ta cire bindigar katrij mai ɗura kanta da duk mai wata na'urar ɗuri, shi ya sa a 2018 da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a tattara haramtattun makamai, fam-akshin, wato bindigar katrij da ake ɗura wa harsashi ta hanyar jan mariƙinta na gaba, tana cikin jerin. Gida na uku shi ne bindigar toka da danginta, irin wadda 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan sallah, wannan Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta.

Za ka iya cewa ai harsashin AR-15, wato 5.56, ba ya cikin lambobin da aka lissafa. Kada wannan ya ruɗe ka. 'Yar uwar bindigar sojan Amurka ce, kuma babu shingen bincike tsakanin Na'ibawa da Zariya da za ka tsaya kana yi wa jami'i bayanin bambancin harsashi. Mallakar haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Shi kansa harsashi sai da izini ake riƙe shi, ko da babu bindigar.

Sannan ko a gida na biyun ma, ƙofar a rufe take shekarun nan. A watan Yunin 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce wa mutanenta su nemi lasisin bindiga saboda 'yan fashin daji, rundunar 'yan sanda ta fito ta ce takunkumin ba da lasisi na nan. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake faɗa a fili cewa an dakatar da bayarwa. Ni ba lauya ba ne, kuma umarni irin wannan yana canjawa da canjin shugabanci, don haka kafin ka kashe ko kwabo, ka taka da ƙafarka zuwa hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ka tambayi sashen da ke kula da lasisin bindiga halin da ake ciki a ranar. Duk wanda ya tare ka a waje ya ce zai "yi maka takarda", ka yi masa sallama. Na ga takardun bogi da suka fi na gaske kyau, kuma mai su bai san na bogi ba ne sai ranar da aka duba lamba a rajista.

Maganar yayanka, don Allah ka cire shi daga ciki. Fitar da bindiga daga Amurka sai da izinin gwamnatinsu, shigo da ita nan sai da izinin tamu. In ya cusa ta a cikin mota ko firji ya turo, laifi ne a ƙasa biyu, kuma shi zai fara shiga hannu, da takardun zamansa da komai. Kwastan ba barci suke ba a kan wannan: a Janairun 2017 sun kama fam-akshin 661 a Legas, a Satumbar shekarar suka sake kama 1,100 a tashar Tin Can. Dala 300 ɗin da yake gani a kanti kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Lissafin kuɗin na gaskiya

Ko da ma an buɗe ƙofa gobe an ba ka lasisin ƙaramar raifil, kuɗin bindiga ba shi ne kuɗin da aka rubuta a jikinta ba. Ka tambayi kanka abu uku. Ina zan sami harsashinta ta halattacciyar hanya, ba sau ɗaya ba, duk shekara? In wani abu ya karye, ina kayan gyara? Wa doka ta yarda ya gyara mini? Domin gyaran bindiga ma ba kowane maƙeri aka yarje wa ba, sai ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko wanda ke da izini. A ƙasar nan katrij mai lamba 12 shi ne abin da dillalai masu rajista suka saba da shi. Mai ɗura kanta kuma tana da zaɓen abinci: ƙaramin harsashin .22 yana da kakin zuma a jiki, yana da datti, in ya kwana biyu a zafi ko ƙarfinsa ya ragu kaɗan ba zai iya tura sakata ba, sai ta cije. Kuma tana sa hannu sakin harbi. Wanda ke da harsashi ɗaya a ciki yakan nutsu ya yi saiti, mai goma yakan zubar da biyar kafin ya tuna.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Wannan ɗan harsashin na .22 da ake rainawa yana tafiya fiye da kilomita 1.5 in bai sami abin da ya tare shi ba, na AR-15 ya haura kilomita 3. Ka tsaya a gonarka ka waiga: daga Kura zuwa Bunkure zuwa Kadawa, ina ne za ka yi kilomita ɗaya babu mai ban ruwa, ko yaro mai kiwo, ko mata masu tsintar tumatir? Ƙasar a shimfiɗe take, babu tudun da zai tare harsashi, biri kuma a kan bishiya yake, wato sama za ka ɗaga baki. Ƙananan ƙwayoyin katrij na tsuntsu kuwa ƙarfinsu na aiki bai wuce mita 35 zuwa 40 ba, kuma cikin mita 300 sun zube ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa bindigar katrij ta fi raifil dacewa da gonakinmu.

Saboda haka in lasisi ya samu, ni mai baki ɗaya zan nuna maka, irin Baikal ta Rasha, ko mai baki biyu in aljihu ya yarda. Ba a cinikin biri a sama, sai ka riƙe ta a hannu, a wurin dillali mai rajista. Ka karya ta ka tabbatar babu komai a ciki, ka ɗaga bututun wajen haske: ya zama sumul yana ƙyalli, babu ramukan tsatsa, babu kumburi ko lotsawa. Ka rufe ta, ka riƙe kota ka girgiza, in ka ji bututun na motsi a mahaɗa ko kaɗan, ajiye ta. Ka gwada makullin kariya sau da yawa. Ka duba tsagewa a katako daidai inda ya haɗu da ƙarfe. Ka karanta tsawon katrij da aka buga a jikinta, don akwai mai milimita 70 akwai mai 76, tsofaffin na Ingila ma akwai mai 65, kuma sa dogo a gajeren ɗaki na iya fasa bindiga a fuskar mutum. Lambar jikinta ta zama ba a taɓa goge ta ba, kuma ita ce a kan takarda harafi da harafi. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ba a aro, ba a gado. Ko ta mahaifi ce ya rasu ya bari, hukuma ake kai wa ajiya har a daidaita takarda. A gida kuma akwatin ƙarfe mai kwaɗo, katrij a wani wurin daban, makulli a jikinka. Gidajenmu cike suke da yara.

Amma fa, ɗana, in ɓarnar gona ce ainihin damuwar, bindiga ba za ta yi maka abin da kake zato ba. Gafiya da dare take fita, daga rami, ba za ka gan ta ba balle ka saita. Tarko a bakin rami da share ciyawar gefen gona sun fi kowace raifil. Birai kuwa sun fi ka sanin lokacin da kake Hotoro. Abin da ke korarsu shi ne mutum a gona da asuba da la'asar lokacin da masara ta fara nuna, da karnuka biyu masu haushi, kuma albashin mai gadi na damina guda bai kai abin da za ka kashe kan bindiga da takardunta ba. Farautar kuma, ka nemi ƙungiyar maharba ta yankinku ka gaida Sarkin Baka, ka bi su wasu fitowa hannu rabbana kana kallo. A wurinsu za ka koyi inda ake shiga da inda ba a shiga, irin dajin Falgore da gwamnati ta keɓe, da dabbobin da doka ta hana taɓawa, da watannin da ake barin daji ya hayayyafa.

In ka je Bompai, ka tafi da katin shaidarka da takardar gonar, ka nemi a faɗa maka matsayin lasisi a ofis, daga bakin jami'in da ke kan teburin. Abin da suka ce maka ka rubuto mini, daga nan mu san ko akwai maganar zuwa wurin dillali.